Ku Cire wa Sahura Tsoron Tsawa

Da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki.

Ni Filibus Maizama, haifaffen Ɗan Kassari, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, mai koyar da yara a makarantar Lahadi, ina rubuta wannan wasiyya da hannuna, hankalina a jikina, idona a buɗe. Babu zazzaɓin da yake juya mini tunani, babu kuma wanda ya tsaya a kaina yana gaya mini abin da zan sa. Zuciyar nama ce ta gaji. Likita ya ce sai an buɗe ƙirjina a Yamai, ya kuma faɗa mini ba tare da ɓoyo ba cewa wasu suna tashi daga wannan gado, wasu ba sa tashi. Na gode masa. Ranar Alhamis zan shiga mota.

Zuwa gare ku ƴaƴana: kai babbana, wanda kunyar ɗan fari ta hana ni kiran sunanka na yanka, sai dai in ce Ɗantala kamar yadda kowa yake cewa, ke Karima, mai aure a Kore Mairuwa, da ke Bushira, autata, mai karatun sakandare a lise. Wannan wasiyya ba za ta jira mutuwata ba, domin damina ba za ta jira ta ba. Na umarci Bushira ta kai ta Ɗan Kassari gobe, ta karanta ta gaban yayanta da dattijo ɗaya na ikilisiya, sannan ta wuce da ita Kore Mairuwa.

Kada ku saurare ta da fuskar makoki. Idan kun ga rubutuna yana karkacewa, murna ce take kaɗa mini alƙalami. Na shafe shekaru ina shuka magana a kunnen yara, ina komawa gida ban san ko ta faɗa kan dutse ba, ko kan taki. Sai ga shi a makon da aka yanke mini ranar tafiya, Ubangiji ya nuna mini girbin da idona.

Na ga tsiro tun ba a yi ruwa ba,
Na ga haske tun gari bai waye ba,
Ƙaramin baki yana rawa ya buɗe,
Ya faɗi gaskiya, ba a matsa masa ba.

Zan maimaita abin da kuka sani, saboda dattijon da zai zauna tare da ku bai san shi duka ba.

Bayan bikin Tashin Almasihu, Karima ta je gidanmu na gado a Ɗan Kassari, inda Ɗantala yake zaune yana noma, tare da ɗanta Luƙman mai shekara bakwai. A ranar an sauko da zangarniyar hatsin da aka zaɓa don iri, an shanya ta a tsakar gida. Manya suka fita gaisuwar haihuwa. Da suka dawo, akuya a kwance take daga turkenta, iri kuwa ya zama ƙaiƙayi da kashin awaki. Yara biyu ne kawai a gidan: Luƙman, da Sahura ƴar Ɗantala mai shekara shida, wadda aka sa wa sunan mahaifiyata, shi ya sa nake kiranta Uwata.

Dukansu suka ce ba su ba ne. Sai Ɗantala ya shiga ɗaki ya ɗauko Littafi Mai Tsarki nawa, wanda na bari a can tun hutun bara. Ya kife turmi, ya ɗora Littafin a kai, ya ce kowanne ya sa hannu ya ce, idan shi ya kwance akuyar, tsawa ta faɗo masa. Sahura ta sa hannu ta faɗa. Luƙman ya mayar da hannuwansa baya, ya ce, “Kawu, Kaka ya ce ɗan Almasihu ba ya rantsuwa, faɗa kawai yake yi. Ba ni ba ne.” Ɗantala ya ce wanda ya ƙi taɓawa shi ne mai laifi, ya ɗauko tsumagiya ya zane shi. Karima ta ɗauki ɗanta a kan kabu-kabu, babur ɗin haya, a wannan yini, ko ruwan gidan ba ta sha ba, kuma har yau ƙafarta ba ta sake taka shi ba.

Ɗantala, ba kai ka ƙirƙiro wannan shari'a ba. Gadonta ka yi ba ka sani ba. Ina yaro, kafin kakanku ya karɓi bangaskiya, idan abu ya ɓace a unguwarmu sai a kira wani mutum mai gatarin aradu, ɗan baƙin dutse a cikin ƙwarya. A jera mutane, kowa ya taɓa ya rantse da tsawa. Wanda ya ja hannunsa baya, shi ke nan an gama da shi. Na ga ƙato mai gemu yana zufa kamar an zuba masa tulu. Ranar da kakanku ya yi baftisma muka ce mun rabu da wannan har abada. Ashe dutsen kawai muka fitar, ƙwaryar tana nan a zukatanmu, har ranar da muka sa Maganar Allah a cikinta.

Daga ranar Sahura ta daina waƙa, ita da ba a iya rufe mata baki a makarantar Lahadi. Ko babbar mota ta yi gurnani a kan kwalta, sai a same ta ƙarƙashin gado. Mahaifiyarta ta ɗauka shawara ce take damunta, ta jiƙa mata saiwa. A makon jiya ita da mahaifiyar tata suka zo Dogon Dutsi gaishe ni. Ina kwance da hantsi a inuwar dogon yaro, sai ta matso ta tsuguna kusa da kunnena ta ce, “Kaka, tsawa suna ta sani, ko fuska take dubawa?” Na ce, “Uwata, me za ki yi da wannan babbar tambaya?” Ta ce, “In suna ta sani, ina so a sake mini suna kafin damina.”

Na ce mata ni ba na sake sunan uwata, amma na san wata hanya da ta fi wannan kusa. Na riƙe hannunta. Sannan ta ce ita ta kwance akuyar, saboda ɗan akuyar yana ta kuka a bayan danga yana son nono, kuma ta sa hannu a kan Littafi don ta ga tsumagiyar da ke jingine a gindin rumbu. Na gaya mata cewa Yesu ya ji wannan magana tun tana cikin ƙirjinta, kuma shi ba da tsawa yake zuwa wurin yara ba. Ban aike ta ba, ita ta miƙe da kanta ta shiga madafi, ta maimaita wa mahaifiyarta da kakarta Hamsatu, kalma bayan kalma.

Ƴaƴana, na tashi daga tabarmar nan na taka rawa! Ni da aka hana ko hawan keke. Innarku ta fito da ludayi a hannu tana cewa, “Malam, kwanta, so kake ka rage wa likitan Yamai aiki?” Na ce, “Hamsatu, yau a sama ma ana rawa, ni ne zan zauna?” Ta ce, “To su can ba su da ciwon zuciya.” Muka yi dariya har Sahura ta taya mu, karo na farko tun ranar turmi.

Amma murnata tana da ƙaya guda. Labari ya iso mini cewa da aka koma Ɗan Kassari aka gaya maka, Ɗantala, ka ce ta zubar maka da mutunci gaban ƙanwarka, ka ce bulalarta biyu ce, ta akuya da ta rantsuwar ƙarya, kana jira ne kawai in tafi Yamai. An ce tun ranar ba ka dubi fuskarta ba. Yanzu yarinyar nan tana zaune a gidan ubanta tana jiran abu biyu, hannunka da hadarin farko, kuma ta soma tunanin cewa da ta yi shiru da ya fi mata. Idan wannan tunani ya yi saiwa, mun yi asarar da ta fi ta iri. Saboda haka nake rubuta abin da ke biye.

Na ɗaya. Gidan Dogon Dutsi na innarku ne muddin ranta. Gonar Ɗan Kassari ba za a raba ta ba. Ɗantala ya ci gaba da nomanta, a fitar wa innarku da ƴan'uwansa mata rabonsu a kowace kaka, a dami, ba a baki ba. Babu wanda yake bi na bashi, innarku shaida ce. Irin da akuya ta cinye kuwa na riga na mayar da shi daga hatsin da Hamsatu ta ajiye, Bushira za ta zo da shi a buhu. Daga yau kada wani ya sake ambaton asarar iri a kunnen yaro.

Na biyu. Waƙoƙin da na tsara wa ikilisiya na bar wa Bushira, ita ce mai murya, ita ce kuma take gyara mini amo idan na wuce gona da iri, abin da na san ina yi. Kekena a ba maƙwabcinmu Jalaluddeen mai shagon hatsi. Mun sha gardamar addini da shi har shayi ya huce, bai karɓi nawa ba, ban karɓi nasa ba, amma ranar da na faɗi a bakin kasuwa shi ya ɗauke ni a babur ɗinsa zuwa likita. Ku riƙe shi da mutunci.

Na uku, Littafin. Na san wasu suna zaton zan ƙwace shi daga hannunka, Ɗantala. Ba zan ƙwace ba. Naka ne, kai ne babba. Amma ga sharaɗinsa: a buɗe ake amfani da shi. Ba za a sake rufe shi a ɗora hannun yaro a kai ba, ko hannun babba, ko a kan akuya, ko a kan gona, ko a kan ran mutum. Wanda aka rubuta labarinsa a ciki ya ɗora hannunsa a kan yara don ya sa musu albarka. Yaya za mu ɗora hannun yara a kansa don mu jawo musu wuta? Ka koya wa Sahura karatu daga cikinsa, a kan cinyarka, har ranar da za ta taɓa bangonsa hannunta bai yi sanyi ba.

Na huɗu, yadda za a tambayi yaro a gidajenku. Wannan na dukanku ne, har ke Bushira, ranar da Ubangiji ya ba ki naki.

Ku ajiye abin da ke hannunku tukuna. Yaron da yake kallon tsumagiya, tsumagiyar yake ba amsa, kuma ita ba ta son komai sai a ce “ba ni ba ne”. Ku sauko ku tsuguna har idonku ya yi daidai da nasa. Ku gaya masa tun kafin ya buɗe baki cewa gafara tana nan ajiye, domin haka aka yi mana: an biya tun ba mu roƙa ba. Ku tambaye shi dalili, ku saurara har ƙarshe; da an tambayi Sahura, da an ji labarin ɗan akuya mai jin yunwa, wanda ba mugun labari ba ne. Wanda ya faɗi laifinsa da bakinsa, hannunsa ne zai gyara ɓarnar, fatarsa kuwa a bar ta. Sahura za ta yi wa akuyar nan ciyawa duk damina, ranar shuka kuma ta bi bayan ubanta tana zuba iri a rami tana rufewa da diddige. Wannan ya isa.

Idan an yafe, an yafe. Ba a mayar da laifin yaro labarin da ake ba baƙi don a yi dariya, ba a kuma laƙaba masa suna da shi. Na koyar da wani yaro da gidansu suke kira Ɓarawon Ƙuli saboda abin da ya yi yana ɗan shekara biyar. Ya girma ya cika musu sunan.

Ku kuma ku dubi bakunanku. Mu ne muke cewa, “Je ka ce masa ba na nan,” muna zaune a ɗaki. Mu ne muke cewa za mu sayo alewa a kasuwar Juma'a, mu dawo hannu wofi ba ko kunya. Mu ne muke cewa dodo yana bayan rumbu. Yaro yana haddace waɗannan fiye da ayar Lahadi. Ga ƴar waƙar da na tsara musu. Bushira ta san amonta, ku bar su su yi ta da tafi:

Ni ne na yi, Baba, ni ne,
Ba iska ba ce, ba kaza ba, ni ne.
Yesu ya ji tun ban furta ba,
Ya buɗe hannu, bai dunƙule ba.

Na biyar, kuma shi ne mai nauyi. Ɗantala, bulala biyun nan na soke su, da ikon da Allah ya ba uba a kan ɗansa. A maimakonsu ga aikinka. Ka ɗauki Sahura ka tafi da ita Kore Mairuwa. Ka yi sallama a ƙofar ƙanwarka. Ka kira Luƙman, ka tsuguna a gabansa, ka ce masa ka doke shi a kan gaskiyarsa, ka roƙe shi gafara. Kai za ka fara, Sahura tana tsaye tana kallo. Bayan ka gama sannan ita ta yi nata. Sa'an nan ka juya gare ta ita ma, domin kai ka sa mata tsawa a baki.

Ina jin amsarka tun daga nan: kawu ba ya durƙusa wa ɗan ƙanwarsa, gari zai ji, girma zai zube. Ɗana, ƴarka mai shekara shida ta tsaya gaban manya biyu ta faɗi abin da take zaton zai kashe ta. Abin da nake nema a wurinka bai kai rabin wannan ba. Na san ba mugunta ce ta ɗaga hannunka ba. Ka ga abincin shekara a ƙasa, tsoro ya kama ka. Na san kuma abin da yake hana ka duban fuskarta yanzu kunya ce ta sanya rigar fushi. Tuɓe rigar. Ubangijinmu ya ɗaura zane ya wanke ƙafafun almajiransa, girmansa bai ragu da ƙwayar hatsi ba. Ranar da yaran nan biyu suka ga ƙato kamarka ya ce “na yi kuskure”, sun gama makarantar da na kasa gama musu da alli da waƙa.

Na shida. Karima, ƴata mai zuciyar uwa, fushinki yana da dalili, ban ce ba shi da shi ba. Amma idan yayanki ya yi sallama, ki amsa, ki shimfiɗa masa tabarma, ki kawo masa ruwa. Kada ki tsaya a bayan Luƙman kina tuna masa yawan tabon da ke bayansa. Kada kuma wani ya matsa wa yaron ya ce “na yafe” nan take kamar mai maimaita darasi. Gafarar da aka tatsa da ƙarfi ita ma ƙarya ce. A ba shi lokaci, a bar shi ya yi kukansa idan yana da shi. Ki gaya masa Kakansa, abokin faɗansa, ya ce hannuwan nan da ya mayar baya sun fi duk wa'azin da na taɓa yi. Molona nasa ne. Ya daina tsinka mini tsirkiya a ɓoye, yanzu ta zama tasa.

Na bakwai. Gabas ta soma yin duhu da maraice, manoma sun wasa sungumi. Ranar da hadarin farko ya taso, Ɗantala, duk inda kake ka koma gida. Kada ka bar ta ƙarƙashin gado, kada kuma ka ja ta da ƙarfi. Ka ɗauke ta a ƙirjinka ka zauna da ita a bakin ƙofar ɗaki, daga ciki, inda za ta ga walƙiya tana jin bugun zuciyarka. Duk lokacin da sama ta yi rugugi ka ce mata, “Ruwan shuka ne, Allah ya tuna da mu.” Ku zauna har hadarin ya wuce, ta ga ya wuce, ta ga tana nan. Maganata a inuwar dogon yaro ta shiga kunnenta, amma bakin da ya kira mata tsawa shi ne zai iya sallamar ta.

Yanzu albarka. Ubangiji ya sa rumbunka ya cika, Ɗantala, ya ba ka taushin da ya fi ƙarfinka. Ya sa gidanki ya zama inuwa, Karima, wadda ɗan'uwa ba ya jin nauyin shiga. Ya buɗe miki karatu, Bushira, ya kiyaye muryarki don yabonsa. Ku riƙe innarku kamar ƙwai a tafin hannu. Ku ci tuwon Kirsimati a akushi ɗaya kowace shekara, ko ina nan ko ba na nan. Wanda ya yi fushi ya zo da fushinsa, a zauna a kansa har ya narke. Jikokina, da waɗanda aka haifa da waɗanda suke tafe, Allah ya sa bakinku da zuciyarku su zama ƙofa ɗaya.

In na farka, ku zan fara gani,
In ban farka ba, Shi zan fara gani,
Ko ta wace ƙofa aka fitar da ni,
Hannu a buɗe yake jira na, na sani.

Ban sa kowa rantsuwa a kan wannan takarda ba, ba kuma zan sa ba. Motar Yamai takan tsaya a Kore Mairuwa da hantsi, a bakin kasuwa, gwargwadon a sauke kaya a sayi ruwa. Na roƙi yaron mota ya ba ni kujerar taga. Ba na son guzuri, kada Karima ta wahala da soya kaza. Zan goge gilashin da hannun rigata in duba bakin hanya, in ga ko akwai wani dogon mutum tsaye kusa da ƙanwarsa, da yaro a dama, da yarinya a hagu.

Mahaifinku,
Filibus Maizama
Dogon Dutsi, watan Mayu